Abin da Ke Ƙarƙashin Fenti

Ni na rubuta sunan rabin garin nan,
ba da alƙalami ba, da buroshin jelar saniya
da gwangwani uku: ja, fari,
da wani shuɗi da ba ya jin maganar damina.
Nomau Mai Allo, haka Gusau ta san ni
lokacin da ta san ni.

Jiya Inno jikata ta ce in raka ta gyaran waya.
Muka bi ta bayan tasha.
Na ce tsaya. Ta ce, Kaka, rana fa.
Na ce dubi bangon can, ƙasan tallan lemun kwalba,
ga ƙafar wata K tana leƙe kamar ɓera.
Nan sikelin Kwara Nasim yake,
nan raƙuma ke durƙushe da gyaɗa.
Nan Labbo ɗan dako ya aza buhu biyu a kai ɗaya
don sule biyar da wata mai fura da ke kallo.
Ya ci sulen. Wuyan bai sake miƙewa ba.
Mai furar ta aure shi haka nan, a karkace.

Awaki na tuƙa a kan dogo.
Ba su taɓa jin kukan jirgin Ƙaura ba,
shi ya sa ba sa waiwaye.

Gaba kaɗan, inda ake cajin batir,
rumfar Baba Alabi mai agogo ce,
gilashi maƙale a ido ɗaya, goro a kunci ɗaya.
Ya ce in zana masa agogo a allo.
Na ce ƙarfe nawa zan sa?
Ya yi shiru, ya ce huɗu saura kwata,
lokacin da na sauko daga tarago da akwati guda.
Shekara talatin da ɗaya allon na faɗin sa'ar zuwansa.
Ta tafiyarsa babu wanda ya duba.

Gidan silima ya zama siton taki.
A ƙofarsa na sha rubuta da alli
sunayen da harshena ya kasa juyawa,
a biya ni da kujerar baya da rake gaɓa biyu.
Sama ce rufinsa. In hadari ya taso
sai mu ƙarasa labarin da baki a hanyar Tudun Wada,
kowa da irin mutuwar da ya yi wa mugun.

Sai lambu.
Inno ta ce wane lambu? Garejin Ɗan'ige ne.
Na nuna mata darbejiyar da ta rage, an rataya mata taya,
da bencin siminti da aka ɗora wa injin mota.
Nan ma'aikatan masaƙa ke jingine kekuna bayan jiniya,
auduga a gira, burodi a hammata.
Nan na fara ce wa kakarki sannu, ta ce da wa?
Allona na nan, ƙusa ɗaya ke riƙe da shi:
KADA A TAKA CIYAWA.
An bi doka, Inno.
Ba a taka ta ba, baƙin mai aka zuba mata.

Mai gyaran waya yaro ne mai ladabi.
Sunan shagonsa inji ya buga a leda,
ya ce kowace shekara sai ya sake.
Ban ce komai ba.

A komowa ta tsaya da kanta gaban bangon Kwara.
Ta ce, ina naka sunan?
Na ce mai allo ba ya sa suna,
sai dai ɗigon shuɗi, ƙasa, hannun hagu.
Ta durƙusa da makullin ɗaki tana kankara:
rawaya ta fita, kore ya fita, farar ƙasa ta zuba.
Mai shago ya leƙo, ya ce, mi kuka yi ma bangona?
Ba ta ɗago ba.
Ta ce, Kaka, matso da inuwarka,
kamar na fara ganin wani abu.